John Cage (1912-1992): Makaɗin da Ya Nemi Kiɗa a Cikin Takarda da Ƙusa da Shiru

Duk ɗalibin da ya zauna ajin nazarin waƙar baka ya san yadda ake karkasa kayan kiɗan Hausa. Akwai na kaɗawa irin su kalangu da kotso da tambari, akwai na busawa irin su algaita da kakaki da sarewa, akwai masu izga ko tsirkiya irin su goge da kukuma da garaya, sa'an nan ga na girgizawa kamar caki. Da wuya a ji malami ya sako takarda cikin wannan lissafi. To amma wanda ya yi firamare a ƙasar nan ya san bindigar takarda, wadda ake naɗe fallen littafi a kaɗa shi ya yi ƙara a tsakiyar aji, kuma da yawanmu mun rufe bakin gwangwanin madara da takardar siminti mun yi 'yar ganga. Mu dai wasan yara muka ɗauki abin, da muka girma muka watsar. A Amurka an yi wani mutum da ya ƙi watsarwa har ya tsufa, kuma saboda shi ne a yau ake hawa dandamali a manyan biranen duniya a yayyaga takarda a gaban 'yan kallo, a ce kiɗa ne. Wannan maƙala za ta bi sawun rayuwarsa, domin tambayar da ya yi ta fama da ita ta shafi ɗalibin harshe kai tsaye, wato ina iyakar da ke tsakanin ƙara da kiɗa, kuma wa ya shata ta.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi John Milton Cage, wanda ake furta sunansa Jon Kej, ranar 5 ga watan Satumba, 1912 a birnin Los Anjalis da ke jihar Kalifoniya. Mahaifinsa mai ƙirƙire-ƙirƙire ne. Ya taɓa ƙera jirgin ruwa mai tafiya a ƙarƙashin teku, sai dai jirgin yana fitar da kumfa a saman ruwa, don haka bai yi wa sojoji amfani ba, tunda abokan gaba za su gane inda yake. Mahaifiyarsa Lucretia 'yar jarida ce a Los Angeles Times, kuma 'yar'uwarta Phoebe tana cikin waɗanda suka fara koya masa fiyano.

Ya gama sakandare a shekarar 1928 a matsayin zakaran ajinsu, ya shiga Kwalejin Pomona da niyyar zama marubuci. Bai gama ba. Shi da kansa ya sha ba da labarin ranar da ya shiga laburare ya tarar da ɗalibai wajen ɗari kowa riƙe da kwafin littafi guda, saboda shi aka ce a karanta. Sai ya wuce kan kanta ya ɗauko littafin farko da sunan marubucinsa ya fara da harafin Z, ya karanta shi, ya shiga jarrabawa, ya kuma fi kowa maki. Daga nan ya yanke cewa akwai gyara a tsarin makarantar, ya bar ta a 1930. Ba na ba 'yan'uwana ɗalibai shawarar su gwada wannan dabara a jarrabawar ƙarshen zango.

Ya yi kimanin shekara ɗaya da rabi a Turai. A Faris ya taɓa nazarin gine-gine da fiyano, ya yi zane, ya yi rubutu, kuma a tsibirin Mayoka ne ya fara tsara kiɗa. Ya koma gida a 1931 ya tarar da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Don neman na sawa a bakin salati, sai ya riƙa bi gida-gida yana tallar lacca a kan zane da kiɗan zamani ga matan aure, yana gaya musu gaskiya cewa bai san fannin ba, amma zai koyi darasin kowane mako kafin ranar lacca.

Malamin da Ya Ce Masa Akwai Bango a Gaba

Bayan ya yi karatu wurin Henry Cowell da Adolph Weiss, a 1935 ya samu shiga ajin Arnold Schoenberg, shahararren mai tsara kiɗa ɗan asalin Ostiriya wanda mulkin 'yan Nazi ya koro daga Jamus. Cage ba shi da kuɗin biya. Schoenberg ya yarda ya koyar da shi kyauta bisa alƙawarin zai sadaukar da rayuwarsa ga kiɗa. Sun yi wajen shekara biyu tare kafin malamin ya faɗa masa abin da ya gani.

Ya kamata mai karatu ya san cewa kiɗan Turai na manyan zauruka an gina shi ne a kan jituwar sautuka, wato a buga sautuka uku ko huɗu a lokaci guda su dace da juna, sa'an nan a bi da su daga wannan haɗi zuwa wancan bisa ƙa'ida. Schoenberg ya lura ɗalibinsa ba shi da kunnen wannan jituwa, ya kuma gargaɗe shi cewa duk inda ya nufa zai ci karo da bangon da ba zai iya ƙetarewa ba. Cage ya amsa cewa in haka ne, to zai ƙare rayuwarsa yana gwara kansa da bangon. An ruwaito cewa daga baya Schoenberg ya ce ɗalibin nan nasa haziƙin mai ƙirƙira ne, amma bai kira shi mai tsara kiɗa ba. Yabo ne da zambo a haɗe, kuma Cage ya karɓe shi a matsayin yabo, ɗan mai ƙirƙira ne da ma.

Hanyar da ya bi ya zagaye bangon ita ce ginshiƙin duk abin da ya yi daga baya. Ya lura kowane sauti yana da siffofi huɗu: hawa ko saukarsa, ƙarfinsa, launin amonsa, da tsawon lokacin da yake ɗauka. Shiru kuwa guda ɗaya kawai yake da ita daga cikin huɗun, wato tsawon lokaci. Ke nan idan aka gina kiɗa a kan awon lokaci maimakon jituwa, an buɗe ƙofa ga kowane irin sauti, har da ƙarar da ba ta da karin murya, har da shiru. Ɗalibin rubutacciyar waƙa zai gane wannan cikin sauƙi, domin haka ma'aunin aruli yake: ƙafafuwan baiti suna nan a tsaye da dogayen gaɓoɓinsu da gajeru, kowace kalma ta cika awon tana iya shiga.

A shekarar 1935 ɗin ne kuma ya auri Xenia Kashevaroff, 'yar wani limamin cocin Rasha daga Alaska. Xenia ta koyi sana'ar ɗinke littattafai, kuma an yi lokacin da ma'auratan suka zauna gida ɗaya da masu wannan sana'a a Santa Monika. Da rana a yi aikin takarda da kwali da zare, da dare Cage ya tara mutanen gidan su yi kiɗa da kayan aikin da kwanukan girki. Cikin waɗannan shekaru ya haɗu da Oskar Fischinger, wani Bajamushe mai shirya finafinai, wanda ya gaya masa cewa kowane abu a duniya yana da ruhinsa, kuma ta hanyar amonsa ake fito da shi. Wannan magana ta shige shi ƙwarai, ya shiga ƙwanƙwasa da shafa duk abin da ya gamu da shi. Wanda ya taɓa tsayawa wurin matan Gbagyi masu sayar da tukwane a Kwali ko Ushafa ya ga irin wannan sauraro, domin mai saye ba ta biya sai ta ɗan ƙwanƙwasa tukunya ta ji ko muryarta ta nuna tsaga.

Fiyano Mai Ciko

A 1938 ya samu aiki a makarantar Cornish da ke Siyatil, yana yi wa masu koyon rawa kiɗa. Can ya kafa ƙungiyar makaɗa masu amfani da ƙarafan birkin mota da fallayen kwano da ƙararrawar shanu, can ya yi kiɗa da garmaho a 1939 ta hanyar sauya saurin juyawar faifai, can kuma ya haɗu da wani matashin ɗan rawa mai suna Merce Cunningham, wanda daga baya ya zama abokin aikinsa kuma abokin zamansa har mutuwa ta raba.

A 1940 wata ɗaliba Baƙar Amurka mai suna Syvilla Fort ta nemi ya yi mata kiɗan rawa mai ƙamshin Afirka. Zauren da za a yi wasan ba shi da wurin jera ganguna, fiyano ɗaya ne kawai a gefe. Cage ya buɗe cikinsa ya ɗora faranti a kan tsirkiyoyi, farantin ya riƙa tsalle yana gocewa. Ya sa ƙusa, ta zame. Da ya soka sukuru da noti a tsakanin tsirkiyoyin sai suka zauna daram, muryar fiyano ta koma ta ƙararrawa da ganga da ƙoƙo. Mutum ɗaya da yatsu goma ya zama ƙungiyar makaɗa. Daga baya ya ƙara da roba da ƙyalle da guntayen katako. Babban aikinsa a wannan fanni shi ne Sonatas and Interludes, wanda ya tsara daga 1946 zuwa 1948. Sautuka 45 ake yi wa ciko, shirin kaɗai yakan ci awa biyu zuwa uku, kiɗan kuma ya wuce awa guda. Duk wanda yake zaton Cage hayaniya kawai ya iya, to ya nemi wannan ya saurara, kiɗa ne mai sanyi da natsuwa.

Turawa sun ɗauki wannan a matsayin sabon abu, kuma a wurinsu sabo ne, don su tsabtar murya suke nema a kayan kiɗa. A wurinmu kuwa gurɓata muryar abin kiɗa da gangan tsohuwar al'ada ce. Makaɗin kotso da na taushi suna liƙa danƙon da ake kira nake a tsakiyar fata don muryar ta canza, mai garaya kuma yana ɗaura ceba a wuyanta don ta riƙa kakkarwa. Shi Cage ya yi wa fiyano nake da ceba ne.

A wannan shekara ta 1940 ya tsara wani kiɗa mai suna Living Room Music, wato kiɗan falo, na mutum huɗu. Ba a buƙatar ko abin kiɗa ɗaya. Ya ba da shawarar a yi amfani da mujallu da jaridu da kwali, da tebur, da manyan littattafai, da daɓe ko ƙofa ko katakon taga. Takarda ta shiga lissafin kayan kiɗa ke nan, a rubuce.

Ƙuri'a da Tabon Takarda

Ya ɗan zauna a Shikago, sa'an nan ya isa Niyok a 1942 da aljihu babu komai. Wasan da ya yi a Gidan Adana Zanen Zamani na birnin a watan Fabrairun 1943 ya fito da sunansa, har mujallar Life ta buga hotunansa. To amma rayuwarsa ta gida ta dagule, aurensa da Xenia ya mutu a tsakiyar shekarun 1940, kuma ya shiga kokwanto a kan sana'ar kanta. Abin da ya dame shi shi ne, zai tsara kiɗa cike da baƙin ciki, masu sauraro su yi dariya. Idan saƙon ba ya isa yadda aka aika shi, mene ne amfanin aikawa?

A 1946 wata makaɗiya 'yar Indiya mai suna Gita Sarabhai ta zo Niyok, suka yi musayar ilimi, shi yana koya mata na Turai, ita tana koya masa na ƙasarsu. Daga wurinta ya ji cewa a al'adarsu manufar kiɗa ita ce kwantar da zuciya. Bayan haka ya halarci laccocin D. T. Suzuki a Jami'ar Kolombiya a kan tafarkin Zen na addinin Buda. Sakamakon duk wannan shi ne ya ƙudura cire son ransa daga aikinsa, ya bar sautuka su zama abin da suke, ba tare da ya ɗora musu kayan zuciyarsa ba.

Yadda zai yi hakan ya zo masa a 1951, lokacin da wani matashin ɗalibinsa, Christian Wolff, ya ba shi fassarar I Ching, tsohon littafin duba na Sinawa. Littafin yana da gidaje 64, ana gano gida ta hanyar jefa sulalla uku sau shida. Yana da kama da bugun ƙasa mai gidaje 16 da muka sani, sai dai shi Cage ba gaibu yake nema ba. Ya mayar da shi abin jefa ƙuri'a ne kawai: wane sauti, tsawon nawa, da wane ƙarfi. Kiɗan fiyano mai suna Music of Changes ya ci masa watanni yana jefa sulalla. A shekarar ya kuma yi wani kiɗa na akwatunan rediyo 12 da mutum 24, ɗaya yana murɗa tasha, ɗaya yana murɗa ƙara, duk abin da gidajen rediyo suke watsawa a lokacin shi ne kiɗan.

Da jefa sulalla ya yi masa jinkiri, sai ya koma ga takarda. Daga 1952 zuwa 1956 ya tsara jerin kiɗan da ya kira Music for Piano ta wata hanya da nake ganin ta fi duk sauran ban sha'awa. Zai ɗauki farar takarda ya ƙura mata ido, duk inda ya ga tabo ko ɗigo ko zaren da ya fito tun daga masana'anta sai ya ɗiga masa alƙalami. Bayan nan ya ja layukan rubutun kiɗa a kai, kowane ɗigo ya zama sauti gwargwadon inda ya faɗa. Wato takardar da aka saba ɗauka a matsayin baiwa mai ɗaukar abin da aka rubuta mata, ita ce ta koma mai shifta.

Minti Huɗu da Daƙiƙa Talatin da Uku

A 1951 ya shiga wani ɗaki a Jami'ar Harvard wanda aka gina don ya shanye duk wata ƙara. Ya shiga da zaton zai ji shiru tsantsa, sai ya ji sauti biyu, ɗaya siriri ɗaya mai kauri. Injiniyan wurin ya ce masa na farkon jijiyoyinsa ne ke aiki, na biyun kuma jininsa ne ke gudana. Masana sun yi shakkar bayanin farkon, amma darasin da Cage ya ɗauka bai dogara da shi ba: muddin mutum yana raye, babu shiru. Abokinsa mai zane, Robert Rauschenberg, ya riga ya fito da fararen alluna waɗanda babu komai a kansu sai inuwa da ƙurar da ta sauka, wannan ya ƙarfafa masa gwiwa.

Ranar 29 ga watan Agusta, 1952, a wani zauren katako da ke cikin daji a Woodstock ta jihar Niyok, makaɗin fiyano David Tudor ya hau dandamali ya zauna, ya rufe murfin fiyano, ya duba agogo. Bayan daƙiƙa 30 ya buɗe, ya sake rufewa na minti 2 da daƙiƙa 23, sa'an nan na minti 1 da daƙiƙa 40. Ya tashi bai taɓa ko sauti ɗaya ba. A kashin farko an ji iska a cikin itatuwa, a na biyu yayyafi ya sauka a kan rufi, a na uku mutane suka fara gunaguni, wasu suka fice. Abin da Cage yake so a saurara ke nan. Mahaifiyar Christian Wolff ma sai da ta nuna ɓacin ranta, kuma Cage ya rasa abokai a kan wannan aiki, amma har ya mutu shi ya fi ƙauna cikin ayyukansa. Mai karatu na iya gwadawa a tashar Jabi ko kasuwar Wuse, ko a ɗakin kwanan ɗalibai bayan an ɗauke wuta: ya kame bakinsa na wannan ɗan lokaci ya ƙirga abin da kunnensa zai kama, daga janareta zuwa kwandastan da ke kiran Gwagwalada.

A nan ne nake ganin hanyarmu da tasa suka rabu, kuma rabuwar ba ƙarama ba ce. Ta fuskar kayan aiki, babu abin da Cage zai nuna wa matan Hausawa. Sun kifa ƙwarya a cikin ruwa sun yi amada, kamar yadda Barmani Choge ta Funtuwa ta shahara da shi. Sun yi shantu, sun mayar da turmi da taɓarya abin lugude. Ɗanmaraya Jos ya zagaya duniya da kuntigi, wanda cikinsa gwangwani ne da aka rufe da fata. To amma kiɗan Bahaushe magana yake yi. Hausa harshe ne mai karin sauti, kalangu yana kwaikwayon hawa da saukar murya, shi ya sa ake da take, a buga a ce an kira wane, maharbi ko ɗan dambe ya ji ya tsima. Mu muna ɗora wa sauti ma'ana har sai ya zama kalma. Cage kuwa ya ƙare rayuwarsa yana ƙoƙarin sauke wa sauti ma'ana. Da a ce an buga masa taken wani basarake, amon fatar zai yaba, ba zai so a fassara masa ba. Ni dai ban gamsu cewa ɗan Adam yana iya jin sauti ba tare da ya ba shi ma'ana ba, domin waɗanda suka fice daga zauren Woodstock ma ma'ana suka ba shirun, sun ɗauke shi raini.

Naman Kaza da Talabijin

Duk da sunan da ya yi, Cage ya kai kusan shekara hamsin yana fama da rashin kuɗi. A 1954 ya koma ƙauyen Stony Point, inda ya kamu da son naman kaza da tsirran daji, har ya taɓa cin wani ganye mai dafi bisa kuskure aka kwantar da shi a asibiti. Wannan ilimi ne ya fara kawo masa kuɗi masu kauri. A farkon 1959 ya shiga gasar kacici-kacici ta gidan talabijin na Italiya, ya zaɓi fannin naman kaza, ya ci lira miliyan 5. Da kuɗin aka sayi motar da ƙungiyar rawa ta Cunningham take yawo da ita. A 1960 ya fito a wani shirin talabijin na Amurka da kiɗansa Water Walk, mai amfani da bahon wanka da tukunyar tururi da injin markaɗe da agwagwar roba da rediyo biyar. Ƙungiyoyin ma'aikata biyu suka yi jayayya a kan wa ke da haƙƙin jona rediyon da wuta, aka hana kunna su, sai ya riƙa marin akwatunan, a ƙarshe ya ture su ƙasa. 'Yan kallo suka yi ta dariya, shi kuma bai ji haushi ba.

Ba kowace dariya ce mai daɗi ba. A 1964 makaɗan babbar ƙungiyar New York Philharmonic sun yi wa wani aikinsa zagon ƙasa a gaban jama'a, wasu suna buga abin da suka ga dama, wasu suna tattake na'urorin ɗaukar sauti da aka ba su. Akwai kuma suka mai nauyi da ta fito daga wani ɓangaren. Cage bai ɓoye rashin sha'awarsa ga kiɗan jaz ba, kuma a 1996 masani George Lewis, wanda shi ma makaɗi ne Baƙar Amurka, ya yi rubutu yana nuna yadda tarihin kiɗan gwaji ya ɗaukaka su Cage ya kawar da kai daga Baƙaƙen makaɗan da suka riga su ƙirƙirar kiɗa nan take a kan dandamali. Wannan suka tana da tushe.

Masu Kiɗan Takarda

Tasirinsa ya fi fitowa ta hannun waɗanda suka saurare shi. A ƙarshen shekarun 1950 ya koyar da darasin kiɗan gwaji a New School ta Niyok, kuma daga ajin nan ne wasu jigogin ƙungiyar Fluxus suka fito. Benjamin Patterson bai zauna ajin ba. Baƙar Amurka ne, ƙwararre a babban goge na Turawa, wanda launin fatarsa ya hana shi aiki a ƙungiyoyin makaɗan ƙasarsa. Ya je birnin Kolon na Jamus a 1960, ya haɗu da Cage da Tudor, kuma a shekarar ya fito da Paper Piece. Mutum biyar ne za su hau dandamali da fallayen takarda iri-iri da jakunkunan takarda, su girgiza, su yaga, su cukuikuye, su goga, su hura jaka su fasa. A wasannin da suka biyo baya takardun sukan zubo wa 'yan kallo, su ma su shiga yagawa, har a rasa gane makaɗi da mai sauraro. Tan Dun, ɗan ƙasar Sin da ya san Cage a Niyok, ya kai abin babban zaure a 2003 da Paper Concerto, inda ake rataye dogayen fallayen takarda tun daga sama ana kaɗa su tare da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa ta Los Anjalis. Masu sassaƙa siffofi da takarda su kuma kaɗa su a yau, daga wannan zuriya suke.

Akwai wadda tarihi ya kusa mantawa da ita a wannan silsila, wato Xenia. Ita ma ta yi kiɗa a ƙungiyar mijinta, kuma tana ƙera siffofi masu lilo a iska da siririn katako da takardar shinkafa, waɗanda aka nuna a baje kolin mata 31 da Peggy Guggenheim ta shirya a 1943. Kaɗan ne ƙwarai daga aikinta ya tsira. Ta mutu a 1995.

Cage da Harshe

Littafinsa Silence, wanda ya fito a 1961, ya yaɗa ra'ayoyinsa fiye da yadda kiɗansa ya yi. Ya kuma rubuta waƙoƙi masu yawa da salon da ake jera haruffan wani suna daga sama zuwa ƙasa a tsakiyar layuka, saɓanin yadda wasu marubuta waƙoƙinmu suke jera haruffa a farkon baitoci. Aikin da ya fi shafar mu shi ne Empty Words, na shekarun 1970. Ya ɗauki littafin ajiyar tarihin yau da kullum na marubuci Henry David Thoreau ya bi shi da ƙuri'a a kashi huɗu. A kashi na farko ya cire cikakkun jimloli, a na biyu ya cire yankunan jimla, a na uku ya cire kalmomi, a na huɗu ya cire gaɓoɓi, ya rage haruffa da shiru. Wato ya sauko da tsanin da muke hawa a aji, daga ginin jimla zuwa ginin kalma zuwa tsarin sauti, yana zubar da ma'ana a kowane mataki. A watan Disamban 1977 ya karanta kashi na uku a wani zaure a Milan. Matasa suka yi ta ihu da fito, wasu suka hau dandamali suna tsokanarsa, shi kuwa ya ci gaba da karatunsa fiye da awa biyu har ya kai ƙarshe.

Ƙarshen Rayuwarsa

Ciwon gaɓoɓi ya matsa masa a shekarun 1970, har sai da ya canza abincinsa bisa shawarar Yoko Ono. Bai rage aiki ba. Ya yi kiɗa da ƙayar kaktus da aka jona wa na'urar ƙara sauti, da manyan kwansunan teku masu ruwa a ciki. Daga 1978 ya koma zane da ɗab'i, yana babbaka takarda da hayaƙi, yana zagaye duwatsu da alƙalami, har ya yi takarda da ganyayen da ake iya ci. Ya karɓi lambar yabo ta Kyoto a Japan a 1989.

Ranar 11 ga watan Agusta, 1992 jini ya buge shi a gidansu da ke Niyok yana haɗa shayin yamma. Ya mutu washegari, saura 'yan makonni ya cika shekara 80, ana tsakiyar shirya masa bukukuwa a Jamus. An watsa tokar gawarsa a tsaunukan da ke kusa da Stony Point.

A 1987 ya tsara wani kiɗa na ogan, babban abin kiɗan coci mai bututu, ya kuma ba da umarnin a buga shi a hankali iyakar iyawa, bai faɗi tsawon lokaci ba. Bayan mutuwarsa wasu masana a Jamus suka yanke shawarar a ja shi shekara 639. An fara ranar 5 ga watan Satumba, 2001 a wata tsohuwar coci a garin Halberstadt. Da yake rubutun ya fara ne da hutu, sai da aka yi wata 17 ba a ji komai ba ban da hucin mafitsarar iska, kafin sautin farko ya fito ranar 5 ga watan Fabrairu, 2003. Jakunkunan yashi ne ke danne maɓallan, kuma duk ranar da za a sauya sauti mutane sukan taru daga ƙasashe daban-daban. An tsara za a kammala a shekarar 2640.